Daga Maraɗi zuwa Kumasi da kuɗin raguna, yanzu kuma gardamar Fas ko Umra

Maman Hanifa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun da muka dawo ake ta biyo ni ta gefe da tambaya guda: wai ina malamin lakwal da mai ɗinki suka samu kuɗin zuwa Gana? Har an ce gado muka ci. To bari in amsa a nan kowa ya huta. Raguna muka turke bayan layyar bara, muka yi ta ba su harawa da dussa, muka sayar gab da sallar bana. Muka haɗa da kwasar adashina. Shi ke nan jarin.

Da hutun damina muka tashi. Kar, wato babbar motar fasinja, muka shiga daga Maraɗi, ta Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi, a Doso hanya ta karya zuwa Gaya. Gadar Malanbil ta shiga Binin a rufe take ta ɓangarenmu, sai a kwale-kwale muka haye kogi, muka shiga wata motar a can ƙetare. Kandi, Paraku, har Kwatano. Daga nan Lome, daga Lome muka taka da ƙafa muka shiga Aflawo tunda iyakar a bakin gari take, sai Ankara, sai Kumasi. Abinci kuwa rabinsa daga ɗakina ya fito: kilishi, ƙuli-ƙuli, garin rogo, dabino, yaji, da busasshen zogale. Duk inda muka samu ruwan zafi da albasa mun ci mun ƙoshi.

Abin da ya kawo ni shi ne tafiya ta gaba. Ni birnin Fas na Maroko nake so, maigida ya ce Umra. Mun kasa daidaitawa, ku raba mu.

Rabi ƴar Tibiri: Tanti, kwale-kwale da damina? Ni dai ko a tabkin Madarunfa ba a sa ni cikin jirgin ruwa. Ba ki ji tsoro ba?

Maman Hanifa: Ƙanwata, na karanta duk abin da na haddace har da wanda na manta. Jakata a cinya, hannuna ɗaya riƙe da rigar Abban Hanifa, ga wata ƴar Zabarmawa kusa da ni da buhun albasa tana cin gyaɗa kamar a tsakar gidansu take. Ganinta ne ya sa na saki rigar. Hayewar ba ta da tsawo, lodin kaya da jiran jirgin ya cika su ne masu cin lokaci.

Mushe Lawali: Tunda an kawo ƙarata gaban jama'a, bari in kare kaina. Amma kafin nan, ga abin da littafin lissafina ya nuna, don ni na riƙe alƙalami. Kowa yana tsammani kuɗin mota ne ke cinye matafiyi. Ba shi ba ne. Kuɗin mota tun kana gida ka san shi, ka ware shi. Abin da ya fi kowane layi tsawo a littafin nan tsaraba ce da saƙon mutane. Wannan ta ce atamfa daga Lome, wancan ya ce man kaɗe, wani ya ce takalmi irin na Kumasi, kuma duk cikinsu waɗanda suka ba da kuɗi a hannu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Sauran duk "in ka dawo ma yi lissafi" ne. Ga kuɗin awon kaya a tasha, ga ɗan dako a kowace iyaka. Mun tafi da jaka biyu marasa nauyi, mun dawo kamar ƴan kasuwa.

Alhaji Ɗan Tasawa: Mushe, ka faɗi gaskiya. Mu da munka yi fataucin Kwatano da Lome tun ana shigo da kaya ta Maraɗi a wuce da su Najeriya, mun san wannan. Dokata guda ce: saƙo ba kuɗi, gaisuwa ce. In ka ba ni saƙo da baki, ni ma da baki zan kawo maka shi. Kuma wanda ke son tafiya ta yi arha, kada ya yi shela. Ka gaya ma iyaye da wanda za ya kula da gida, sauran su ji labari in ka dawo.

Hajiya ta Bagalam: Haba Alhaji. Ku maza kuna iya haka. Mace ta bar gari ba ta yi ma dangin miji da maƙwabta sallama ba, ta dawo hannu rabbana? Sai ta shekara tana amsa tambaya a gidan suna. Tsaraba ba ɓarna ba ce, ita ce ke sa a duba maka yara in ba ka nan. Abin da nake yi in na je Makka, abu guda nake saye da yawa, tasbaha ko turare ko kwalli, kowa ya samu iri ɗaya, ba mai cewa an fifita wance.

Maman Hanifa: Hajiya kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Yaranmu a wurin ƙanwarsa muka bar su, ita ta yi wanka da wanki da kai Hanifa likita da zazzaɓi ya kama ta. Wannan ko turmi biyu na kawo mata ban biya ba. Abin da ke ba ni haushi masu saƙon da ko "a sauka lafiya" ba su ce ba.

Laminu direba: Ni a kan hanya zan yi magana tunda ita ce gonata. Wanda zai bi sawunsu ya riƙe abu uku a jikinsa, ba cikin jakar da ke ƙarƙashin mota ba: fasfo ko katin ɗan ƙasa, katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, da canji ƙanana. Katin rigakafin nan shi ne ƙofar da aka fi shiga a tatsi mutum a iyaka. In ba ka da shi, ka ba da baki. Ku yi allurar tun a gida, a ƙalla kwana 10 kafin tafiya, don sai bayan nan katin ke aiki, kuma allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Sannan kada ka fito da takardar jika goma a gaban shinge, canjinka ba zai dawo ba.

Na biyu, arewacin Binin ba kamar da ba ne, ana samun hare-hare a yankin gandun dajin W. Tsakanin Malanbil da Kandi a bi da rana. Hanyar Yamai zuwa Wagadugu ta Torodi kuwa, ko kyauta aka ce ka kai matarka yawon buɗe ido ta can, ka ce ka gode.

Salisu Ali Ɗan Sofo: Tambaya gare ni. Tunda ƙasarmu Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairun 2025, ba a neman biza a Gana da Togo? Ni abin da ya hana ni motsi ke nan.

Mushe Lawali: Ba wanda ya tambaye mu biza. Ranar da fitar ta tabbata, ita ƙungiyar ta ba da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin ƴan Nijar da Mali da Burkina masu tambarinta, a bar su su yi zirga-zirga ba biza har sai an sake sabon tsari. Da tsohon fasfonmu muka je muka dawo. Amma "har sai an sake" ba alkawarin dindindin ba ne, don haka duk mai niyya ya tambaya a satin da zai tashi, kada ya dogara da labarin Mushe Lawali na watannin baya.

Wani sauƙin kuma: daga Gaya har Lome sefarmu ce ke aiki, ba canji ba asara. Binin, Togo, Kodebuwa, Senegal, Mali, Burkina, Gine Bisau, duk kuɗi guda muke ci. Sai da muka shiga Aflawo aka fara maganar sidi, kuɗin Gana. A nan na ga ƴan canji na bakin iyaka da dunƙulen kuɗi a hannu, suna lissafi da sauri yadda kanka zai juya. Kaɗan muka canza na mota, sauran sai cikin Ankara a shagon canji mai allo a bango.

Nana Hadiza: Ina kuka kwana? Don ni abin da ke tsorata ni ke nan, kuɗin otel.

Maman Hanifa: A Kwatano da Lome ƙananan masaukai muka nema kusa da zango, ɗaki mai fanka ba mai sanyi ba. Ni nake shiga in duba makewayi da zanin gado kafin ya biya. A Ankara unguwar Nima muka sauka, a can Hausa kawai za ki yi ta yi kamar kina kasuwar Maraɗi, sai dai tasu Hausar ta sha ruwan teku. Da safe koko da ƙosai, da rana waake, wato shinkafa da wake da suke dafawa da karan dawa ta yi ja. Kuɗin abinci bai taɓa damun mu ba.

A Kumasi ne muka sauka gidan ɗan uwan babansa, wanda kakansu ya je fataucin goro ya zauna. Sun karɓe mu hannu bibbiyu, Allah ya saka. Amma in gaya miki gaskiya, kwanan gidan dangi bai fi otel arha ba. Ba ka zuwa hannu sake, ba ka ganin ana cefane ka naɗe hannu, ran tafiya ga yara sun yi layi. Sannan ba ku da ikon kanku. Ni ina ɗakin mata, shi yana zaure da maza, sai da safe mu gaisa kamar baƙi. Kasuwar Kejetiya ma da rakiyar mutum huɗu muka je, kowa kuma ka biya masa mota.

Alhaji Ɗan Tasawa: Ƴata, wannan ba asara ba ce. Zumunci a ƙafa yake. Kuɗin da kunka kashe a gidan nan ya buɗe ma ƴaƴanku ƙofa a Kumasi har bayan ranku.

Maman Hanifa: Haka ne Baba Alhaji, ban ce asara ba ce. Na dai ce kada mutum ya sa shi a layin "kyauta" in yana lissafi.

Mushe Lawali: Kuma a layin da ba na nadama akwai Elmina. Mun bi ta gaɓar teku muka shiga gidan da Turawan Fotugal suka gina a 1482, inda aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi. Shekara da shekaru ina koya wa yara cinikin bayi a allo. Da mai rakiya ya shigar da mu kurkukun ƙasa, ya rufe ƙofa na ɗan lokaci, duhu da warin danshi suka rufe mu, ga ɗakin gwamna a sama iska na kaɗawa ta taga, sai na ga darasin nawa bai kai ko bakin ƙofa ba. Uwargida ba ta ce uffan ba har muka koma mota.

Yanzu ga hujjata kan Umra. Ba mu san gawar fari ba. In Allah ya hore abin da zai sa mu hau jirgin sama sau ɗaya, ina ganin ɗakin Allah ya fi cancanta. Kujerar Hajji ta yi mana nisa, Umra ce daidai tsawon hannunmu.

Malam Isufu: Mushe ya yi daidai. Ba a ɗaura sirdi don neman lada sai zuwa masallatai uku, hadisin sananne ne. Zuwa Fas don kabari ba shi da...

Sayyada Bourja: Allah gafarta malam, dakata. Zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani da ya rasu a 1815 tana Fas, dubban mutane daga Nijar da Najeriya da Senegal suna ziyara, kuma malamanmu sun amsa wannan maganar tun kafin a haife mu. Kada a mai da mu jahilai.

Mai kula da zaure: Malam, Sayyada, na roƙe ku. Wannan gardamar ta girmi zauren nan kuma ba a nan za a kashe ta ba. Maganar kuɗin tafiya ake. Wanda ya ƙara, zan goge.

Maman Hanifa: Ni ma ban ce don ziyara kaɗai ba. Ɗinki nake yi. Jallabiyoyin Maroko da ake kawo mana da tsada, ina so in ga yadda suke yin igiyar bakin wuya da maɓallan zare da idona, in sayo kayan aikin. In an dace, tafiyar ta mai da wani abu. Umra kuwa ina so, wa zai ƙi? Amma kuɗinmu na yanzu in aka ce Umra, mutum ɗaya zai ɗauka. Ku tambaye shi wa zai zauna.

Rabi ƴar Tibiri: Mushe, an jefo maka tambaya.

Mushe Lawali: Na gani. Ina shan ruwa tukuna.

Abdul ɗalibi a Fas: Tanti, ni ina karatu a nan, bari in ba ku abin da na sani. Ƴan Nijar ba sa bukatar biza don gajeriyar ziyara a Maroko. Sai dai lokacin gasar kofin Afirka ta 2025 an ɗora wa ƙasashe da dama har da tamu neman izinin shiga ta intanet, don haka ku tabbatar a ofishin jakadancinsu a Yamai kafin ku yanki tikiti. Royal Air Maroc yana tashi daga Yamai kai tsaye zuwa Kazablanka. Tikitin shi ne babban dutsen, in kun ɗauke shi sauran da sauƙi. Daga filin jirgi akwai jirgin ƙasa zuwa cikin gari, daga can kuma wani zuwa Fas, wajen awa huɗu. Ba ruwanku da tasi mai tsada.

Cikin tsohon gari mota ba ta shiga, da ƙafa ake yawo, jakuna da alfadarai ke dakon kaya. Masallacin Ƙarawiyyin da aka kafa a 859 yana nan, majemar fata tana nan, masu zare da maɓalli suna da layinsu. Burodi da miyar harira da zaitun suna da arha ƙwarai. Amma ku kula da lokaci. Hutun Mushe ya faɗo a Yuli da Agusta, lokacin ne tikiti ke tashi saboda ƴan Maroko mazauna Turai suna dawowa gida, kuma Fas tana zafi sosai. Disamba da Janairu kuwa sanyin ba irin hunturunmu ba ne, ga ruwan sama, ɗakuna masu arha ba abin ɗumama su. In da hali, ƙarshen Satumba kafin a koma lakwal. Ku zo da takardar aurenku ta ma'aikatar magajin gari, wasu masaukai na tambaya. Duk wanda ya tare ku a ƙofar gari ya ce zai raka ku kyauta, shagon ɗan uwansa zai kai ku.

Hajiya ta Bagalam: Ita ma Umra tana da lokacin arha. Kowa Ramadan yake so saboda falalarta, goman ƙarshe kuwa kuɗin ɗaki kusa da Harami sai attajirai. Amma bayan alhazai sun watse, Muharram da Safar, farashi na sauka, ɗawafi ba turereniya. Ku kama masauki nesa kaɗan inda mota ke kai mutane. Mutanenmu da yawa ta Kano suke tashi don ta fi Yamai kusa da mu. Sai dai ku yi hattara da masu shirya tafiya na baki da baki. Wata maƙwabciyata ta ba wani kuɗi da fasfo, aka yi ta yi mata gobe jibi har azumi ya wuce, da ƙyar fasfon ya dawo. A je ofis mai rajista, a karɓi takarda.

Laminu direba: In ta Kano ne, Ɗan Isa zuwa Jibiya zuwa Katsina a bi da hantsi, kada a yi yamma. Kuma a canza naira kaɗan kaɗan, don farashinta ba ya kwana inda ya yini. Sefa aƙalla a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya kusan sefa 656, ka san abin da ke aljihunka.

Salisu Ali Ɗan Sofo: Ni fa ban gane ba. Kuna gidan haya a unguwar Zariya nan Maraɗi, ko fili ba ku da shi, kuna zancen jirgin sama. Kuɗin Gana da na Fas in an haɗa ai an fara tubali. Ku yi haƙuri, gaskiya ce.

Mushe Lawali: Salisu, ba ka yi laifi ba, yayana ma haka ya ce. Adashin fili daban yake, ba mu taɓa shi ba kuma ba za mu taɓa ba. Wannan kuɗin raguna ne da ɗinkin salla. Wasu na kashe irinsa a anko da sabuwar waya, ba mai tambayarsu ina tubali. Mu mun zaɓi mu ga duniya tun ƙafa na iya hawa kwale-kwale.

Alhaji Ɗan Tasawa: To ku saurara in raba ku. Akwai hanya ta uku da ba wanda ya ambata: Senegal. Sefa ce, ba canji. Ga Dakar, ga tsibirin Gore tunda Mushe na son tarihi, ga Kaulaha. Matan Dakar kuwa sun iya ɗinki, ƴata za ki cika ido. Amma da munka saba bi ta Burkina da Mali a mota, yanzu hanyar ba ta matafiyi da iyali ba ce, sai jirgi, kuma jirgi tsakanin ƙasashenmu wani lokaci ya fi na Turai tsada. Don haka in jirgin ne dole, shawarata ku yi Fas bana ku biyu, ki sayo kayan aikinki, ribar ku zuba ta asusun Umra, ku je tare baɗi ko baɗin waccan. Mushe, kada ka je ɗakin Allah ka bar wadda ta ba ragunan ruwa.

Malam Isufu: A kan zuwa tare, ban da ja. Allah ya hore.

Mushe Lawali: Baba Alhaji, ka ɗaure ni da jijiyata. Na yarda da sharaɗi biyu. Ribar ɗinkin Fas ba ta shiga cefane, asusunta daban. Na biyu, ba saƙon kowa sai da kuɗi a hannu, kuma kilo 23 na jakata nawa ne, ba na maɓalli ba.

Maman Hanifa: Na farko na karɓa. Na biyu ma yi magana a gida. Abdul, don Allah ka tambayo mini kuɗin ɗaki mai makewayi a ciki kusa da ƙofar tsohon gari ta Bab Bujlud a ƙarshen Satumba, da kuma ko masu zaren suna sayar da sari ko sai ɗai-ɗai.

Abdul ɗalibi a Fas: To Tanti. Ranar Juma'a yawancin shagunan tsohon gari a rufe suke, sai Asabar zan leƙa in turo miki hotuna da farashi. In kuna zuwa ku taho mini da kilishi da yaji, zan turo kuɗin ta kamfanin tura kuɗi na Nita.

Nana Hadiza: Maman Hanifa, in akwai gurbi a adashin naku na wata mai kamawa ki sa ni hannu ɗaya. Nawa ne zubin?

Maman Hanifa: Jika goma ne duk wata, kwasa ta farko an riga an ba mai haihuwa. Ki zo shago gobe bayan la'asar ki ga uwar adashin.